Neman Baba a Gindin Dutsen Tama

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A asibitin da nake aikin ungozoma, a gidan suna, har a bakin famfon unguwarmu a nan Barade cikin Jalingo, sai an tsayar da ni an ce, "Adama, yaya Laberiya? Kin same shi?" Wasu in ba su amsa a gajarce, wasu in ce sai mun zauna, kuma ba ma zaman. Rifkatu, abokiyar aikina, ita ta ce in rubuta sau ɗaya in huta, don ta lura duk lokacin da na fara ba da labarin da baki muryata ba ta kai ni ƙarshe. To ga shi, yadda abin ya kasance.

Ga wanda bai san gidanmu ba, mahaifina sunansa Usmanu, maƙeri ne ɗan maƙera. Kakansa ya riski zamanin da ake sayen tama a hannun 'yan ƙabilar Mumuye na kan dutse, baƙin yashin nan mai nauyi da suke tarawa a rafi bayan an ɗauke ruwa, a narka shi a fitar da ƙarfen fartanya. Shi Baba bai tarar da wannan ba, ƙarfen tsofaffin motoci ya tarar, sai ya koyi walda. Ina da shekara biyar ya tafi Legas neman aiki. Daga can wani ɗan kwangila ya kwashe su zuwa Laberiya, gyaran taragun jirgin ƙasan da ke ɗaukar tama daga dutse zuwa bakin teku. Yakan aiko da wasiƙa, da turmin atamfa in an sami mai zuwa. Sai yaƙi ya ɓarke a ƙasar, kuma daga yankin da yake aka faro shi. Daga nan shiru, shekara talatin da ɗoriya. Mahaifiyata, da muke kira Dada, 'yan'uwanta sun yi ta matsa mata ta je gaban alƙali a raba auren, ta ƙi. Ta yi ta sayar da fura da nono har ta aurar da ni, ta tsufa a ɗakinta.

Bara wani mutumin Abbare, Malam Sani, direban manyan motoci da ke aiki a wurin haƙar tama a can, ya zo hutu gida, ya yi ta tambaya har aka kawo shi ƙofarmu. Ya ce a masallacin Juma'a na wani gari da ake kira Yekepa ya gamu da wani tsoho mai jin Hausa, Malam Iliya, wanda ya ce shi ɗan Lau ne, kuma tare suka je ƙasar da wani Usmanu mai walda daga Barade. Sani ya tambaye shi ina Usmanun, tsohon ya ce wannan magana sai da iyalinsa. Muka kira tsohon a waya nan take. Hausarsa ta yi tsatsa. Ya tambaya ko ni ce Adama, na ce ni ce. Na tambaye shi ko Baba yana raye.

"Maganar ba ta waya ba ce, 'yata," in ji shi. "In kina da hali ki zo. Ni ma na yi nisa."

Na sake tambaya, ya sake faɗar haka. Mai hankali ya san abin da irin wannan amsa take nufi. Amma zuciya ba ta da wannan hankalin. Na ce wa kaina ƙila yana kwance ne ba lafiya, ƙila yana kurkuku, ƙila ya zauce. Na ɗauki hutu a wurin aiki, maigidana Malam Ɗanjuma ya ce ba zan tafi ni kaɗai ba. Bayan ƙaramar Sallah muka shirya. Da na je sallama, Dada ta miƙo mini kwalbar man shanu da ƙullin daddawa. Ba ta ce na wane ne ba, ni ma ban tambaya ba.

Muka bi ta Wukari da Makurdi, muka tsallaka kogin Kwara ta gadar Ajaokuta. Malam Ɗanjuma ya yi shekara talatin yana koyar da labarin ƙasa a sakandare kafin ya yi ritaya, ya zana taswirar ma'adinan Najeriya a allo ba adadi, amma bai taɓa ganin inda ake haƙar tama da idonsa ba. Da muka hango dogayen bututun masana'antar ƙarfe a tsaye babu hayaƙi, sannan duwatsun wajen Itakpe, sai ya manna fuska a gilashi kamar ɗan firamare. Ya shiga yi mini darasi. Ya ce tama iri-iri ce, akwai ja, akwai baƙa mai kama maganaɗisu. Ta Itakpe yashi ya yi mata yawa, sai an niƙa an tace kafin ta yi amfani. Ta tudun Agbaja da ke kusa ta fi yawa, amma tana ɗauke da wani sinadari da ke sa ƙarfe gautsi. Ya ce da an riƙe wannan arziki da kyau, da irin su Baba ba su ƙetare ƙasa biyar neman aikin ƙarfe ba. Na ce masa, "Malam, ni fa ba jarrabawa zan rubuta ba." Ya koma kallon hanya har Okene. Sai daga baya na gane ba don kansa yake surutun ba, so yake ya hana ni tunani.

A Legas muka kwana gidan wani tsohon ɗalibinsa, washegari muka shiga doguwar motar da ke bin gaɓar teku. Wanda bai yi wannan tafiya ba ba zai gane gajiyar kan iyaka ba. A sauko da kowa, a sauko da kaya, a duba fasfo, a duba katin rigakafin shawara, a mayar da kaya, a yi tafiyar da ba ta kai daga Jalingo zuwa Zing ba, a sake saukowa. Togo fa kafin ka gyara zama ka fita daga cikinta. A iyakar Ghana wata jami'a ta kwance ƙullin Dada, ta ja da baya tana toshe hanci, ta kira abokin aikinta da fuskar wadda ta kama babban laifi. Shi kuwa ya sunsuna ya yi dariya, ya ce dawadawa ce, uwarsa ma da ita take miya. A nan ne kuma muka ga zafin mota ya narkar da man shanun, ya bi ta murfi ya jiƙe farin kaftanin da Malam ya tanada don ranar da zai gaida surukinsa. Rabin kwalbar ya tafi. Na zauna a kan jakata na kama kuka, mutane suna kallona suna mamakin matar da ke kuka a kan mai.

A Accra muka sauka a Nima, unguwar Hausawa, gidan wata Hajiya Meri mai saukar baƙi. Haihuwar can ce, kakanta ne ya zo daga Kano fataucin goro. Hausarsu ta ba ni dariya don ta yi kama da tamu ta kasuwar Jalingo, ba ruwanta da bambance namiji da mace. Da safe ta kawo koko da ƙosai, ta ce duk Ghana kokon Hausa ake ce masa. Da rana aka kawo shinkafa da wake, ja saboda karan dawa da suke dafa ta da shi, an zuba mata taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da baƙin yaji duk a faranti guda. Ita ta wanke wa Malam kaftaninsa da ruwan zafi da toka, tabon ya ragu amma bai fita ba. Da ta ji abin da ke tafe da ni, ta ce a Nima kaɗai ta san tsofaffi da yawa da suka zo da niyyar shekara biyu. Ta ce mutum ba ya yanke shawarar barin gida har abada, kullum baɗi yake cewa. Ban so maganar ba a lokacin.

Daga iyakar Kodebuwa bakinmu ya mutu, sai Faransanci. A tashar Abijan Allah Ya haɗa mu da wani mutumin Tawa ta Nijar mai sayar da wani abinci na rogo mai kama da dambu, da soyayyen kifi da barkono. Garba suke kiran abincin, ya ce don Hausawa ne suka fi sayar da shi aka laƙaba masa sunan. Garin da za mu nufa sunansa Man. Malam ya tambaye shi ina ake samun motar Man, mutumin ya dube shi ya ce, na gyaɗa ko na fetur? Wannan ce dariyar da na yi ta ƙarshe a tafiyar. Shi ya bar teburinsa ya raka mu har bakin motar, ya gaya wa direba inda zai sauke mu.

Bayan Man sai Danane, daga nan kwalta ta ƙare mana. Damina ta riga ta sauka a can. Muka hau babura biyu, muka shiga wata hanya ta jar laka a tsakiyar kurmi, itatuwa sun haɗe a sama har ba ka ganin rana. Mu da muka saba hango dutse daga nesa, wannan rufewar ta takura mini. Sau biyu babur ɗina yana zamewa, na biyun na faɗi a gefe na gurje gwiwa. Iyakar kuwa wani ƙaramin kogi ne da gada. Jami'in Laberiya ya tambayi dalilin zuwana da wani Turanci mai haɗiye ƙarshen kalmomi, sai da ya maimaita sau uku na gane. Na ce wurin mahaifina na zo. Ya buga hatimi, ya ce in gaida tsohon. Ya ba Malam hannu, da za su saki sai ya ƙyasta yatsarsa da ta Malam har ta yi ƙara. Haka suke gaisawa, babba da yaro. Malam ya yi ta gwadawa bai iya ba.

Muka kwana a Sanikweli a wani ƙaramin masauki. A nan na fara cin abincinsu, shinkafa da miyar ganyen rogo da aka daka aka dafa da manja. Mai masaukin ta ce su ko sun ci me, in ba shinkafa ba ce ba su ci abinci ba a ranar. Na lura kuma kusan kowane shagon tireda na Fulanin Gini ne. Na gwada gaida wani da Fulfulden da na koya a bakin Dada, ya ɗago kai da sauri. Nasu ya bambanta da namu, amma ruwa da nono da uwa da mutuwa duk sunansu ɗaya. In aka yi a hankali ana fahimtar juna.

Malam Sani ya riga mu komawa bakin aiki, shi ya zo ya ɗauke mu zuwa Yekepa. A hanya muka tsaya jirgin tama ya wuce. Na fara ƙirga taragun na bari, kowanne cike da jar ƙasa, ba rufi, suna tafiya teku. Na tsaya ina kallon ɗinkin walda a jikinsu, ina cewa ko akwai wanda hannun Baba ya taɓa, ko da yake Sani ya ce waɗannan sababbi ne. Garin kansa kamar an gina shi don wasu mutane ne suka tafi suka bar shi. Layi-layi na gidajen ma'aikatan dā, wasu an gyara, da yawa babu rufi, itace ya tsiro a tsakar ɗaki. A bayansa dutsen Nimba, an yanka gefensa hawa-hawa kamar matakala. Komai ja ne, hanya da bango da ƙafafun awaki.

Malam Iliya yana zaune a wani ɗaki a bayan masallaci. Ƙaramin tsoho ne, ido ɗaya ya yi fari. Da na durƙusa na gaishe shi sai ya daɗe yana kallona, ya ce goshin Usmanu ne. Ya sa aka kawo ruwa. Ya tambayi Lau, ya tambayi ko har yanzu ana tsallaka Binuwai da kwalekwale, ya ambaci sunayen mutanen da ban sani ba. Na bar shi ya gama. Sannan ya gyara zama ya ce Allah Ya yi wa Usmanu rasuwa.

Na yi salati. Na ce a yaƙin ne?

"A'a," ya ce. "Shekara uku ke nan da watanni."

Ban gane ba da farko. Na ɗauka Hausar ce ta kuɓuce masa, talatin yake nufi. Maigidana ya sake tambayarsa, ya ɗaga yatsu uku.

Ga abin da ya ba mu labari. Da yaƙi ya iso, su biyu suka gudu da ƙafa ta cikin daji zuwa Gini, don iyakar ba nisa. Suka yi shekaru a sansanin 'yan gudun hijira, ba takarda, ba hanyar aika saƙo. Tun kafin nan hasken walda ya fara cin idon Baba, a sansanin ya ƙarasa, ya zama sai inuwa yake gani. Wata Bafulatana mai suna Kadiyatu, wadda aka kashe mijinta a yaƙin, ita take kawo masa abinci, daga baya aka ɗaura musu aure. Da ƙura ta lafa suka dawo Yekepa, yana zama a ƙofar gida yana wasa wuƙaƙe da adduna da lalube, mutane suna ba shi abin da ya samu. Malam Iliya ya ce ya sha ce masa su nemi hanyar gida, ko su aika wasiƙa. Kullum sai ya ce bari idon ya yi sauƙi. Da waya ta zo hannun kowa ya sake yi masa magana, ranar ce Baba ya gaya masa gaskiya. Ya ce in Dada ta yi aure, me zai je ya tayar? In kuma ba ta yi ba, tana zaune tana jiransa, ta ina zai fara?

"Da ciwon ajali ya kama shi, ya riƙe hannuna," in ji tsohon. "Ya ce in Allah Ya haɗa ni da wani nasa, in roƙar masa gafara, baki da baki. Shi ya sa ban faɗa miki a waya ba. Na san in na ce ya rasu ba za ki zo ba. Ki yafe mini wannan. Shi ma ki yafe masa."

Ban ce na yafe ba. Ba zan yi ƙarya a rubuce ba. Abin da ya taso mini ba baƙin ciki ba ne, fushi ne, irin wanda ban taɓa sanin ina da shi ba. Na tuna ranar aurena da ƙanin Dada ya yi mini walicci. Na tuna shekarar da aka yi wa Dada aikin ciki, ni kaɗai a bakin ɗakin tiyata. Duk wannan lokacin yana nan zaune yana wasa adda. Na tashi na fita waje na tsaya ina kallon dutsen.

Da la'asar aka kai mu maƙabarta. Na tsaya daga bakin shinge, Malam da Malam Iliya suka shiga. Malam ya sa kaftanin nan mai tabo. Daga inda nake ina hango tudun jar ƙasa da wani guntun ƙarfen dogo da aka kafa a kansa don shaida. Na ɗaga hannu na yi addu'ar da aka saba, bakina yana yi, zuciyata a bushe.

Washegari muka je gidan. Kadiyatu doguwar tsohuwa ce siririya. Tana ganina ta rufe fuska da gyale, ta durƙusa a gabana, ni da na isa zama 'yarta. Na ɗaga ta. Muka gaisa da Fulfulde, rabi muna ji rabi muna cika wa juna da hannu. Na ba ta daddawar da ragowar man shanun, don ban san wanda zan ba ba. Ta buɗe kwalbar ta sunsuna, ta ce Baba yakan yi maganar man shanun garinsu. Sai wata matashiya ta shigo da rigar aiki da hular kwano a hannu, Kadiyatu ta ce 'yarsu ce, ita kaɗai suka haifa. Na tambayi sunanta. Suka dubi juna. Yarinyar ta ce sunanta Adama.

Har yau ban san yadda zan ɗauki wannan ba. Wani lokaci in ce tunawa da ni ya yi. Wani lokaci in ce gurbina ya cike ya huta.

Tana aiki a ɗakin da ake gwada samfurin tama kafin a loda. Ranar da take hutu ta ce za ta kai mu tsohon ramin da ake haƙa a zamanin da Baba ya zo. Muka hau dutsen da motar Sani. Ramin ya cika da ruwa ya zama tafki, shuɗi, shiru, tsofaffin injuna sun yi tsatsa a gefe. Ta tsinci duwatsu biyu ta ba Malam. Ɗaya mai nauyi ne, shuɗi-shuɗi, yana murmushewa a hannu. Ta ce irinsa aka kwashe a dā, ƙarfe ne kusan zalla, daga rami sai jirgi, kuma ya kusa ƙarewa a nan. Ɗayan mai ratsi-ratsi ne da tauri, shi ya rage da yawa, sai an niƙa an wanke. Malam ya ce irin na Itakpe ke nan. Ya juya su a tafin hannu, wannan karon bai yi darasi ba.

Ni da ita muka zauna a kan wani dutse. Turanci muke yi, Hausarta 'yan kalmomi ne, guduma da uwar maƙera da zugazugi da sannu. Ta ce tun tana ƙarama ta san tana da yaya a wani wuri da ake kira Barade. Ta ce Baba yakan kwatanta mata gidan. In ka shigo daga titi akwai tsamiya a ƙofa, sai zaure, sai rijiya a hannun dama mai bakin siminti da shi ya zuba da hannunsa, sai ɗakin da ke kallon gabas. Ya ce yayarta takan zauna a gindin tsamiyar tana tsotsar 'ya'yanta har haƙoranta su mutu. Ta tambaye ni ko tsamiyar tana nan. An sare ta fiye da shekara ashirin da aka faɗaɗa titi, rijiyar ma an cike ta. Na buɗe baki in gaya mata sai kuka ya zo, wanda ya ƙi zuwa a maƙabarta. Ta riƙe ni muka yi tare. Da za mu sauko na ce wa Malam ya gaya wa Malam Iliya na yafe nawa. Na Dada kuwa ba nawa ba ne.

Mun yi kwana shida a Yekepa. Na roƙi Malam Iliya ya biyo mu, ya ce duk wanda ya sani a Lau yana ƙarƙashin ƙasa, nan kuwa akwai masu wanke shi. Komowar ba ni da abin faɗa a kanta, hanyar ce dai a juye. Abu ɗaya muka yi ta tattaunawa tun daga Danane har Wukari, shi ne abin da za a gaya wa Dada. Malam ya ce ba sai an yi ƙarya ba, a ce ya rasu, an yi masa sutura, na ga kabarin, a tsaya nan. Za ta ɗauka a yaƙin ne. Na yarda da haka.

Muka iso da hantsi. Na same ta a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa. Ta dubi bayana ta ga Malam ne kaɗai, ta ajiye faifan. Na zauna na faɗa mata yadda muka shirya. Ta yi salati, ta yi masa addu'a, ta tambaya ko an yi masa wanka an sallace shi, na ce an yi. Sannan ta ce, "Yaushe?"

Na dubi Malam, ya sunkuyar da kai. Na ga ba zan iya ba. Matar da ta yi shekara talatin tana jiran labari, ba ni zan ba ta rabinsa ba. Na gaya mata duka, idon da sansanin da Kadiyatu da Adama da saƙon neman gafarar. Ina magana ina jiran ta fashe, ko da kuka ko da zagi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce tun shekarar da wasiƙa ta yanke mutane suke ce mata ta riƙa yi masa addu'ar mamata, ita kuwa bakinta bai taɓa yarda ba, bayan kowace sallah lafiya take roƙa masa da abin da zai ci.

"Ashe addu'ar tana isa," ta ce.

Sai ta tambaya wa yake ja masa sanda, na ce matar. Wa ya yi jinyarsa, na ce ita. Ta ce in kira mata ita. Na kira Adama, ta kai wa uwarta wayar. Na zauna ina jin tsofaffin nan biyu, ɗaya da Fulfulden Muri ɗaya da na Gini, kowace tana maimaita magana a hankali don ɗayar ta gane. Dada ce ta fara yi mata gaisuwar rasuwa. Ta yi mata godiya. Daga can ina jin Kadiyatu tana kuka.

Malamin unguwarmu ya ce babu takaba a kanta tunda lokacin ya riga ya wuce. Ta ce ta ji. Amma ta cire 'yan kunnenta da awarwaronta ta ba ni ajiya, ta daina fita ko ƙofar gida. Maganar gafarar kuwa na tuna mata sau ɗaya, ta ce tsakaninta da shi ne, za ta gaya masa da kanta in sun haɗu. Yau kwananta arba'in da bakwai a ɗaki. In kun zo gaishe ta, ku yi masa addu'a ku tashi, kada ku tambaye ta komai.